Tsinken Baba da Shokazobar Aslam

Rumuokoro, Fatakwal
28 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga Babana, Malam Na'Allah Mai Keke,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna da ƙanwata Bara'atu da duk mutanen gida. Yaya idon? Ina fata maganin ɗigawar da na aiko yana amfani. Yaya zafin Yawuri? Mu nan ruwa ya riga ya sauka, kullum a jiƙe muke.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ranar Juma'a mun yi magana a waya. Maganar ce ta ƙi fitowa ta baki. Sau uku ina ɗauko ta, sai in ji kaina ina tambayarka farashin albasa. Shi ya sa na rubuta na ba Imrana direban motar albasa. Bara'atu, tunda ke ce idon Baba yanzu, ki karanta yadda na rubuta, ban da ƙari, ban da dariya.

Baba, na sauke allon. Allon nan da na roƙi izininka shekara uku da suka wuce, lokacin da na bar gyaran okada na koma sana'ar gado, wanda aka rubuta Ɗan Na'Allah Mai Keke a jikinsa. Yana bayan shago na kifa shi, domin na jawo wa sunan abin kunya.

Akwai wani abokina Aslam, ɗan Alhaji Isah mai goro na Borokiri. A nan aka haife shi, Hausarsa rabi ce, sauran rabin Turancin buroka. Yana cikin wata ƙungiya ta masu keken hawan dutse. Kekunansu ba irin waɗanda ka sani ba ne, a gabansu akwai shokazoba mai ƙafa biyu kamar ta okada. Ƙafar hagu iska ce a cikinta maimakon sifirin. A ƙafar dama kuwa akwai wani siririn bututu cike da mai, suna kiransa damfa. Shi ke riƙe shokazobar kada ta nutse da gaggawa, kada kuma ta dawo da tsalle. 'Yan ƙungiyar duk Legas suke aika nasu a yi musu sabis. Aslam ne ya tsaya a gabansu ya ce ga ɗan'uwansa nan a Rumuokoro, gadon abin ya yi, ya kawo mini tasa.

Ni kuwa kai ya kumbura. Na ce shokazoba nawa na kwance a zamanin okada? Na buɗe damfar, na zube kayan cikinta gaba ɗaya a kwanon fetur kamar yadda muka saba. A ciki akwai wasu 'yan woshoshi sirara kamar ɓawon albasa, guda goma sha ɗaya, manya da ƙanana. Na wanke su tas, na mayar da su yadda hannuna ya ɗauko. Man da na tarar a ciki ruwa-ruwa ne, sai na yanke cewa ya mutu, na zubar, na ɗura baƙin mai mai kauri irin na inji. Har ina jin daɗi wai na yi wa mutumin alheri.

A shago da aka danna ta, laushi kamar katifa. Asabar ɗin da ta wuce suka je Inugu hawan dutse. A wani gangare mai duwatsu a jere, shokazobar ta nutse a dutse na farko, kafin ta dawo ga na biyu, ta ƙara nutsewa, haka haka har ta ƙame a ƙasa kamar sanda. Keken ya wurgo shi ta gaba. Ƙashin kafaɗarsa ya karye.

Da 'yan ƙungiyar suka buɗe damfar suka ga baƙin mai, sai aka ɗauki hoto aka yaɗa a wayoyi. Ka san duk ɗan Arewa aboki suke ce masa a nan. To yanzu baƙin mai ya sami sabon suna a wurinsu, man aboki. Wannan bai dame ni ba kamar zuwana asibiti. Na so a ce Aslam ya zage ni. Bai zaga ba. Ya dai tuna mini cewa shi ne ya ce musu na iya, sannan ya juya fuskarsa bango.

Ka yafe mini, Baba. Ban san abin da zan yi ba tukuna, amma allon ba zai koma ba sai na wanke shi. A gaishe da Inna, a ce mata ina cin abinci, kada ta sa damuwa.

Ɗanka,
Gimba

Fegge, Anacha
16 ga Yuni, 2024

Babana,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya, ido kuma da sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, har na fi ƙalau, za ka ji dalili.

Saƙonka ya iso. Imrana ya miƙo mini ƙunshin tsumma, na yi ta juya shi ina neman takarda, babu. Na tambaye shi ko ka faɗi wani abu, ya ce ko uffan. Da na warware sai ga tsohon tsinken ƙafar keken nan naka, mai lanƙwasa a gindi, wanda ya yi baƙi saboda hannu, wanda kullum yake rataye a ƙusa a rumfarka. Wallahi Baba da ka tsinka mini mari da ya fi sauƙi. Na tuna yadda in ka kwance cibiyar keke, duk abin da ya fito sai ka zura shi a tsinken nan bi da bi, in ka tashi mayarwa ka faro daga na ƙarshe. Na tuna kuma bakin da na yi, cewa wannan ɓata lokaci ne, ni a kaina nake riƙe komai. Ga kan nawa nan ya riƙe.

Na rufe shago na taho Anacha, yau sati uku ke nan. Ina kwana a gidan Alhaji Musaddiq mai albasa, ya ce ya san ka, ya ce ka taɓa ɗinke masa taya da zaren buhu a hanyar Koko. A kasuwa na sami wata mata, Madam Uchenna, mai sayar da kekunan gwanjo. A bayan shagonta akwai tulin matattun shokazoba da ba mai kallonsu. Muka shirya da ita, in gyara mata birkin kekunanta da safe, da rana ta bar ni in yi ta tonon tulin. Ta ɗauka taɓin hankali ne, amma tana son birki.

Ranar farko na manta ban sace iskar ƙafar hagu ba na kama kwance murfi. Murfin ya tashi kamar harsashi ya bugi kwanon rufi, mai ya wanke mini fuska, Madam ta fito da gudu tana kiran sunan Yesu. Bara'atu, na ji ki, ki gama dariyar ki ci gaba. Tun daga ranar, kafin in taɓa sifana sai na fitar da iska duka.

A kwana na biyar Allah ya haɗa ni da tagwayen ta Aslam, iri ɗaya sak, kuma ba a taɓa buɗe ta ba. Na shimfiɗa farin ƙyalle, na yi bisimilla, na kwance ta a hankali, duk abin da ya fito in zura a tsinkenka. Baba, ashe woshoshin nan jeri gare su. Babbar ita ce ke kwance a kan fistin, ta rufe 'yan ramukan da ke jikinsa, sai mai bi mata, sai mai bi mata, suna ƙanƙancewa kamar an jera faifai. In keke ya bugi dutse, mai ne ke turowa ta ramukan, woshoshin su ɗan lanƙwashe su ba shi hanya, sannan su koma su rufe. Ni kuwa na sa ƙarama a inda babba take, na danne da manya, ga mai mai kauri. Ta ina zai bi? Na zauna ina kallon tsinken nan. Allah ne kawai ya tsare wuyan Aslam.

Sai maganar mai. Ba ni da na'urar gwaji, saboda haka na huda gwangwanin madara da ƙusa. Na zuba cokali biyu na man da na tarar a tagwayen, ina jan carbi har ya gama tsiyaya: ashirin da huɗu. Na zuba baƙin maina: na zagaye carbin ɗari, yana nan yana yanga. Na yi kwana huɗu ina bin masu kayan manyan babura da gwangwanina, suna kallona kamar mai neman sadaka, har na dace da wani man shokazoba na musamman. Ashirin da biyar. Na kusa rungume mai shagon.

Abu na ƙarshe da ya ba ni wuya shi ne iska. Ko kumfa ɗaya ya maƙale a cikin man damfa, za ka ji tana cakal-cakal, kuma sai ta nutse kaɗan a banza kafin ta kama. Da sirinjin kemis ake fitar da ita, a tura mai a janyo, a tura a janyo, har kumfa ya ƙare. Aikin haƙuri ne, ka kuwa san ɗanka da haƙuri.

Guda shida na lalata. Ta bakwai, shekaranjiya, na haɗa ta, na ba ta iska, na danna da ƙirjina. Ta nutse sumul, ta dawo sumul, ba ƙara, ba tsalle, kamar mutum mai barci yana numfashi. Na sake dannawa. Na danna ya fi sau hamsin. Sai ga ni ina rawa a bayan shagon mutane da gemuna, Madam tana tafa mini. Rabon da in ji daɗi irin wannan tun ranar da ka fara barina in ɗaure sarƙa ni kaɗai.

Gobe zan koma Fatakwal. A ci gaba da yi mini addu'a. Inna, na ci naman Sallah a gidan Alhaji, amma ba kamar naki ba.

Ɗanka mai biyayya,
Gimba

Rumuokoro, Fatakwal
25 ga Agusta, 2024

Babana abin alfaharina,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa da fatan damina tana tafiya lafiya. Imrana ya ce gero ya yi kyau bana, Allah ya sa a girbe lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya Bara'atu da surutu?

Allon yana nan a kife. Wata biyu ina faci da ɗaure birki, ba ɗan ƙungiyar da ya leƙo. Wani lokaci sukan wuce ta gaban shago da safe a jere, hulunan kwano suna ƙyalli, in sunkuyar da kai kamar ina neman noti a ƙasa.

Kunya ta hana ni zuwa Borokiri, har ranar da na ce in ban je yau ba ba zan taɓa zuwa ba. Na ɗauki shokazobar nan ta bakwai a buhu na tafi. Alhaji Isah na tarar a ƙofar gida. Ya amsa gaisuwata cikakkiya, har da tambayar mutanen gida, amma da ya ga abin da ke leƙowa daga buhun sai fuskarsa ta canja. Ya ce shi bai ga abin da ke kai mutum mai hankali saman dutse da keke ba, alhali ga titi. Ni ma a da haka nake gani.

Aslam ya warke, ya ɗan rame. Ban roƙe shi komai ba. Na ajiye shokazobar a gabansa, na kwance damfar a kan farin ƙyalle, na nuna masa abin da na yi wa tasa da abin da ya kamata in yi, wosha bayan wosha. Ya daɗe yana juya tsinkenka a hannunsa. Daga baya ya faɗa mini abin da bai faɗa wa kowa ba, cewa ƙashi ya haɗe amma tsoro bai fita ba, in ya rufe ido gangaren nan yake gani. Ya ce in dai ba ya koma ya sauko ta wurin ba, ya san ya gama da keke har abada. Na ce masa ni ma akwai allon da ba zai tashi ba sai ya sauko.

Bayan kwana biyu sai ga shi a shago da keken a bayan mota.

A gabansa na yi aikin. Fetur ɗin da na yi wanki da shi a karon farko ya kumbura zobban roba sun yi laɓo-laɓo, na canja su da waɗanda na tsinto a Anacha. Na jera woshoshi yadda na gani a tagwayenta. Na auna mai da sirinji, ba da ido ba. Na fitar da iska har hannuna ya gaji. Sannan ya hau ya zauna, muka daidaita iskar ƙafar hagu har nauyinsa ya nutsar da ita kashi ɗaya cikin huɗu. A gindin ƙafar dama akwai wani jan maɓalli mai ƙas-ƙas in an murɗa, shi ke saita saurin dawowa. Muka fita gwaji. In akwai abin da Rumuokoro ta wadata da shi, ramuka ne. Ya yi ta faɗa musu yana dawowa, ina murɗawa ƙas ɗaya, ya sake tafiya. A ƙas na bakwai ya dawo yana murmushi, irin wanda rabona da gani tun kafin asibiti.

Yanzu ga maganar da ta sa na rubuto. Akwai gasa a Inugu ƙarshen watan Oktoba, kuma hanyar ta bi ta gangaren da ya faɗi. Aslam ya shiga. A takardar shiga akwai gurbin sunan makaniki. 'Yan ƙungiyar sun ba shi shawara ya sa na Legas ɗin da zai zo. Ya nuna mini abin da ya rubuta: Ɗan Na'Allah. Ba Gimba ba.

Ka ga ke nan sunanka zai hau dutse, Baba, ba tare da an nemi izininka ba. Ina murna, ina kuma tsoro. Ka sa mu a addu'a bayan kowace salla.

Naka har kullum,
Gimba

Gariki, Inugu
27 ga Oktoba, 2024

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna, ina fata kowa lafiya. A yi haƙuri da rubutun, cikin ɗoki na yi shi. Bara'atu, na san halinki, kada ki tsallaka ƙarshe. Kuma kada ki buɗe ƙaramin ƙunshin sai na ce.

Ranar Alhamis muka iso, muka sauka a unguwar Hausawa kusa da kasuwar dabbobi. Ranar Juma'a bayan masallaci aka ba masu gasa dama su gwada hanya. Aslam ya tafi, ya dawo fuskarsa ba daɗi. Ya ce in danna. Na danna. Cakal. Na sake. Cakal, kuma ta ɗan nutse a banza kafin ta kama. Iska ta shiga damfa. Baba, ga shi kuma gasa washegari da safe.

Nan da nan aka taru. Makanikin Legas ya zo ya danna, ya faɗi abin da na riga na sani. Mutumin ya iya aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce shi ba shi da lokacin buɗewa, ga kekuna a gabansa, amma Aslam ya ari wata shokazobar. Wani daga baya ya ce ko ma mene ne kada a sake ba aboki. An yi dariya. Ni dai ƙasa nake kallo, jar ƙasar nan tasu mai kama takalmi. Na ce a raina in ya ara ban ga laifinsa ba, ƙashinsa ne, ba nawa ba. Sai na ji an ɗora mini kan keke a hannu. Aslam ne, ya ce in yi sauri kafin magariba.

Na kai keken rumfar wani mai sayar da igiya a bakin kasuwa, ya ara mini tebur. Na sace iska, na shimfiɗa ƙyalle, na kwance. Kafin ka ce me, masu shanu da masu awaki sun kewaye ni suna ba da shawara. Wani ya ce in zuba baƙin mai a huta. Ban ko ɗaga kai ba. Woshoshi suka fito ɗaya bayan ɗaya, ina zurawa a tsinke, har goma sha ɗaya. Da yake teburin ya cika, sai na maƙala tsinken a ramin maɓallin rigata.

Ban gama sauke hannu ba wani bunsuru ya ƙwace daga hannun masu ciniki, ya ratso tsakanin ƙafafun mutane, ya shige ƙarƙashin teburin ya ɗaga shi. Sifana, sirinji, ƙyalle, gwangwanin mai, komai ya kife cikin jar laka. Wuri ya ɗauki salati. Aslam ya dafe kai ya tsuguna, don ya san ko wosha ɗaya ta ɓata a lakar nan an gama. Ni kuwa na dubi ƙirjina. Ga su nan suna lilo, goma sha ɗaya, babba a inda babba take, ko ƙura ba su taɓa ba. Wallahi Baba dariya na fashe da ita, mutane suka ɗauka na zautu.

Sauran mai sauƙi ne. Man a rufe yake, ga wani sirinjin a aljihu, kayan aiki kuwa an wanke. Na gano inda iskar ta bi: wani ɗan zoben roba ne da na bari a watan Agusta don na ga kamar lafiyarsa lau, ashe ya tsage a gefe. Laifina ne wannan ma, na kuma faɗa wa Aslam haka. Na canja shi, na ɗura mai, na fitar da kumfa a natse kamar ba wanda ke jirana. Ana kiran magariba na danna ta. Shiru. Sumul.

Jiya Asabar da safe aka yi gasar, mutum arba'in da shida. Ban tsaya a wurin ƙarewa ba, na hau da ƙafa na je gangaren na tsaya a gefe. Da na ga duwatsun da idona sai da na yi salati, ko akuya sai ta yi tunani kafin ta bi ta nan. Wasu suka sauko suna tangal-tangal, wasu suka sauka suka tura. Sai ga koriyar rigar Aslam a sama. Na ga ya ɗan ja birki a bakin gangaren, zuciyata ta tsaya tare da shi. Sai ya saki.

Ban kalli fuskarsa ba, gaban keken kawai nake kallo. Dutse na farko, ta nutse ta dawo. Na biyu, ta nutse ta dawo. Na uku, na huɗu, tana haɗiye su ɗaya bayan ɗaya, tayar kamar an liƙa ta da ƙasa. Ya wuce ni kamar iska yana ihu da Hausarsa rabi da rabi. Ban san sanda na bi shi da gudu ba ina kabbara, takalmi ɗaya ya maƙale a laka, ban koma ɗauka ba.

Na uku ya zo, Baba. Na uku cikin arba'in da shida, mutumin da wata shida da suka wuce ba ya iya ɗaga cokali. Da mai sanarwa ya kira sunansa, ya kira na makanikinsa a lasifika. Ya karya sunan ƙwarai, amma duk dutsen ya ji Na'Allah.

Makanikin Legas ya zo da kansa ya danna shokazobar sau uku, ya miƙo mini hannu. Labarin bunsuru ya riga ya kai masa, ya ce in nuna masa tsinken. Ya ɗauki hotonsa, ya ce a wace ƙasa ake yin irinsa. Na ce a Yawuri. Shi kuwa mai cewa kada a ba aboki, shi ne na biyu a layin masu neman lambar wayata. Na ba shi, har da murmushi.

To Bara'atu, yanzu ki buɗe ƙunshin ki sa wa Baba a tafin hannu. Lambar tagulla ce da aka rataya wa Aslam. Ya cire ya rataya mini a gaban mutane, ni kuwa na san ba tawa ba ce. Ka shafa ta, Baba, akwai hoton keke a jiki, za ka ji shi da yatsa.

Allon yana nan a kife. Ni na sauke shi, amma sunanka ne, ba zan mayar ba sai ka ce.

Ɗanka,
Gimba

Rumuokoro, Fatakwal
10 ga Nuwamba, 2024

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri, a gaishe da Inna da kowa da kowa. Alhaji Isah ma yana gaisuwa, ya aiko maka da goro, yana hannun Imrana. Har yanzu yana cewa hawan dutse da keke rashin aikin yi ne, amma hoton gasar yana manne a shagonsa.

Saƙonka ya iso, wannan karon da baki. Imrana ya ce ka ce a mayar da allo. Ya ce ka ce tsinken ya zama nawa, tunda ya ɗauke ni shekara ashirin kafin in gane amfanin ƙarfe ɗaya, kada a karɓe in manta. Na ji, na kuma yarda.

Jiya da hantsi muka ɗaga shi. Aslam ne ya riƙe mini tsani. Na sa an ƙara layi ɗaya a ƙasa, cewa ana sabis ɗin shokazobar keke, don yanzu haka guda tara ne jingine a shago suna jiran layi. Sunanka kuwa ban bari fenti ya taɓa shi ba, ƙura kawai na goge.

Bara'atu ta sako 'yar takarda a ɓoye, kada ka yi mata faɗa. Ta ce sau uku ka sa ta karanta maka wasiƙar Inugu, wurin bunsuru kuma sau biyar. Ta ce ka rataye lambar a ƙusar da tsinken yake a da. Ta ce kuma da ta kai wurin lasifika ta ga hawaye a fuskarka, ka ce mata maganin ido ne.

To Baba, ban san yadda aka yi ba, ni ban ɗiga komai ba. Amma jiya ina saman tsani, ina buga ƙusar ƙarshe, maganin idon nan naka ya kama ni, sai da Aslam ya ce in sauko kada in faɗo.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗanka,
Gimba Ɗan Na'Allah Mai Keke